Idan gwiwa ta goce: daga daren hatsari zuwa ranar sujada

Daren wata Alhamis, bayan sallar Isha, Yaya ta kira ni daga Shara Mansur a Makka. "Ƙanena, ka zo ka duba ɗanka. Mota ta buge shi a kan dabbab (wato babur), amma Allah ya taƙaita, sun ce babu karaya." Shekarata 19 ina aikin gashin ƙashi a Jidda, kuma a maganar gwiwa babu kalmar da ke faɗar mini da gaba irin wannan "babu karaya". Na ɗauki makulli na kamo hanyar Makka.

Na tarar an riga an kai shi wani ƙaramin asibitin unguwa, an ɗauki hoton ƙashi, an naɗa masa bandeji, an ce buguwa ce. Yaya har ta aika wa mai ɗori ya zo da safe. Na zauna kusa da yaron na ce, "Da ka faɗi, yaya ka ga ƙafar?" Ya ce, "Kawu, ta lanƙwashe ta inda ba ta lanƙwashewa. Wani ya ja ta, na ji ƙaf, sai ta koma." Na ce ya ɗaga mini babban yatsan ƙafarsa. Ya dubi yatsan, yatsan bai motsa ba. A daren muka sauko da shi matakalar gidan, mu huɗu, a kan bargo.

Abin da na koya wa Yaya a wata goma sha ɗaya da suka biyo baya shi zan rubuta a nan, saboda kusan kowane wata sai wani ɗan'uwa ya turo mini takardar hoto ta WhatsApp yana tambaya ko a yarda a yi aiki. Ni ba likitan tiyata ba ne. Nawa aikin yana farawa bayan an ɗinke. Amma wanda ake kawo wa gwiwa bayan an gama, shi ke ganin wadda aka gyara daidai da wadda aka gyara rabi.

Mu fara raba jijiya da jijiya

Hausa ta haɗa abu uku a kalma ɗaya, kuma wannan yana rikita iyali a gaban likita. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar da ke kai saƙon ji da motsi, wadda zan kira jijiyar saƙo. Akwai kuma waɗanda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, su zan kira igiyoyi. Manyan igiyoyin gwiwa huɗu ne. Biyu suna tsakiya, sun gitta juna, su ne salibi da duk mai kallon ƙwallo a nan Saudiyya ya sani: ta gaba, wadda za ka ga an rubuta ACL a takarda, da ta baya, PCL. Ɗaya tana gefen ciki, MCL. Ɗaya tana gefen waje, LCL, kuma ita ba ita kaɗai take ba, tana cikin wani rukuni da ake kira kusurwar baya ta waje, PLC a takarda. Ka riƙe sunan kusurwar nan, za mu dawo kanta. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kuma akwai faifan guringuntsi biyu, gudruf a bakin mutanen nan, masu aikin matashi.

Idan igiya biyu ko fiye suka tsinke, an fita daga babin targaɗe. Likitoci suna jera irin wannan rauni bisa tsarin wani likita mai suna Schenck, daga KD I zuwa KD V (KD, wato gocewar gwiwa): na biyu salibi biyu ne, na uku salibi biyu da gefe ɗaya, na huɗu duka huɗun, na biyar kuma da karaya a ciki. Na ɗan Yaya na uku ne, ta gefen waje, da yagewar gudruf a kai.

Daren farko: jini kafin komai

Gwiwar da ta goce, kusan rabin lokaci tana komawa da kanta ko wani ya ja ta a bakin titi, sai a iso asibiti tana kama da lafiyayya, hoton ƙashi kuma ya fito fes. Abin da ke kashe ƙafa ba ya fitowa a wannan hoton. Babbar jijiyar jinin da ke ciyar da ƙafa ta bi ta lungun bayan gwiwa, a ɗaure take sama da ƙasa, ba ta da wurin kaucewa idan ƙashi ya zame. Wani tsohon bincike na Green da Allen a 1977, wanda har yau ake karantarwa, ya nuna cewa idan ta toshe aka wuce awa 8 ba a gyara ba, kashi 86 cikin ɗari sun rasa ƙafar. Don haka maganar "mu bari gari ya waye" ba ta taso ba.

Ka kira Hilalul Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya, a 997, ko ka ɗauke shi da kanka zuwa ɗawari, wato sashen gaggawa, na babban asibiti, inda akwai likitan jijiyoyin jini. A miƙe ƙafar, a tallafe ta da filo ko katako a gefe biyu. Kada a ja, kada a murza, kada a shafa man zafi. Kada a ba shi abinci, don mai yiwuwa a shiga da shi tiyata a daren. Idan ka isa, ka faɗa wa likita da bakinka cewa gwiwar ta goce ta koma, domin shi bai gani ba. Ka roƙi a auna hawan jini a idon sawu a gwada shi da na damtse. In lissafin ya gaza 0.9, sai hoton jijiyoyin jini. Ko ya fito lafiya, yawanci ana kwantar da mutum a riƙa taɓa bugun jinin ƙafar akai-akai kwana ɗaya ko biyu, saboda wani lokacin tantanin cikin jijiyar ne ya yage, toshewar sai daga baya. Jin bugun jini sau ɗaya da yatsa ba hujja ba ce.

Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa babban asibiti: igama, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ko babu ta'amin, wato inshora, ko tsoron kuɗi. Ban raina wannan ba, na taso cikinsa. Amma takarda ana gyara ta, bashi ana biyansa. A je tukuna.

Game da mai ɗori kuma, kakana na wajen uwa ɗori yake yi, kuma na ga karayar da ya ɗora ta warke sarai. Sai dai igiyar salibi ta gaba, in ta tsinke gaba ɗaya, tana iyo ne cikin ruwan gaɓa, babu karan da zai haɗa bakinta biyu. Ɗauri mai tsanani a kan ƙafar da jininta ke tangal-tangal kuwa, ƙarasa ta yake yi.

Yatsan da ya ƙi ɗagawa, jijiyar saƙo ce da ta zagaya ta kan siririn ƙashin da ke gefen waje na ƙwauri. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu da gwiwarsu ta goce suna samun rauninta, musamman in ta waje aka yage. A sa likita ya rubuta halin da take ciki tun daren farko, kafin kowace wuƙa ta taɓa shi.

Abu na ƙarshe na wannan dare, wanda ake mantawa: in hatsarin mota ne, a samo takardar murur, wato 'yan sandan hanya. In a bakin aiki ne, a sanar da wurin aiki da wuri, domin sashen raunin aiki na ta'aminat, hukumar inshorar ma'aikata, ya haɗa da baƙi.

Me ya sa ake haɗa aikin

Bayan hoton MRI, wanda a nan ake ce wa ranin, za a zauna da likitan ƙashi. A nan ne na fi son iyali su nutsu, don a nan ake yin kuskuren da ke cin shekara biyu.

Ka tuna hemar da ake kafawa da igiya huɗu. Iska ta tsinka uku. Ka zo da sabuwar igiya mai tsada ka ɗaura guda ɗaya, ka bar gefen da iska ke kaɗawa a sake. Duk nauyin sai ya koma kan sabuwar, ta miƙe, ta saki. Haka gwiwa take. Na sha karɓar samari da aka yi wa salibi ta gaba, aiki mai kyau, suka yi gashi wata shida babu fashi, amma gwiwar ta ci gaba da zillewa waje in sun taka, saboda kusurwar baya ta waje ta yage kuma ba a lura ba. Rashin gano kusurwar nan sananne ne a cikin dalilan da ke sa sabuwar salibi ta lalace. Wannan shi ne hikimar haɗa aiki: a gyara duk abin da ya saki, a ɗaure su daidai da juna, a yi jinya sau ɗaya.

Tambayar farko ga likita ita ce: igiya nawa ce ta tsinke, wace da wace, kuma ka gwada kusurwar waje da hannunka? Ranin yana kuskure, musamman in rauni ya tsufa. Akwai hoton ƙashi da ake ɗauka ana tura gwiwar gefe ko baya don a auna milimita nawa take buɗewa a gwada da lafiyayyar. Likitan da ya saba da wannan aiki ba zai ji haushin tambayar ba.

Sai lokaci. In kusurwar waje ta yage, ana son a shiga cikin mako uku na farko, kafin nama ya cuɗe da tabo a kasa bambance wannan da wancan. Amma ba a son a shiga da kyamara a kwanakin farko, domin ana hura ruwa cikin gaɓar, kuma in jakar gaɓar a yage take, ruwan zai tsiyaye cikin sha-raɓa ya matse jijiyoyi. Shi ya sa za ka ji an ce a jira kwana goma zuwa mako biyu. An yi wa ɗan Yaya a rana ta 16. Gefen ciki labarinsa daban: igiyar MCL tana da jini sosai, sau da yawa tana warkewa da kanta cikin mako shida a cikin da'ama, wato abin ɗaurin gwiwa mai ƙarafa a gefe, sannan a zo a yi salibi. Saboda haka in likita ya ce a jira, ba lallai sakaci ba ne. Ka tambaye shi me ake jira ya warke.

Akwai kuma inda raba aikin gida biyu shi ne daidai: in an ɗinka jijiyar jini, in fata ta buɗe har cikin gaɓa, in akwai karaya, ko in gwiwar ta ƙi zama a mazauninta, wanda ake yawan gani ga masu ƙiba sosai, waɗanda gwiwarsu kan goce daga santsin banɗaki kawai. A irin wannan ana kafa ƙarafa ta waje su riƙe ƙafar na 'yan makonni, igiyoyi su biyo baya.

Tambaya ta gaba: ɗinke tsohuwar za a yi ko sabuwa za a dasa? Kunne ya fi son jin ɗinki, ya fi kama da ƙaramin aiki. Amma a kusurwar waje, binciken Stannard na 2005 ya samu ɗinki ya lalace a kashi 37 cikin ɗari, dashen sabuwa kuma a kashi 9. In igiyar ta ɓalle ne da ɓallin ƙashi a bakinta, nan ɗinki ko ɗaurewa da ƙusa yana da kyau. In ta tsinke ta tsakiya kamar tsumma, sabuwa ta fi.

Daga ina sabuwar za ta fito? Ko daga jikin mutum, ko daga wanda ya rasu ya bayar. Ta jiki ana yanko ta daga agarar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko wadda ke samansa, ko agarar bayan cinya. Ga abin da nake so kowane Musulmi ya faɗa wa likitansa, ko da likitan ma Musulmi ne, domin a cikin sauri ana mantawa: ni a ƙasa nake salla, a ƙasa nake cin abinci. Agarar ƙasan ƙoƙo igiya ce mai ƙarfi, amma ita ta fi barin ciwo a daidai inda gwiwa ke taɓa darduma. Haka nan in gefen ciki ne ya yage, likitoci da yawa ba sa son cire agarar bayan cinya ta wannan ƙafar, domin tana cikin masu tallafar gefen. Idan igiya uku ake nema, jiki ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da an taɓa lafiyayyar ƙafa ba, sai maganar ta mamaci ta taso. Da Yaya ta ji haka ta kama baki: "Naman gawa a jikin ɗana?" Na gaya mata majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta dashen sassan jiki tun 1982, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta yi haka a zamanta na Jidda a 1988, bisa sharuɗɗa. Ba ta gamsu da ni ba sai da ta tambayi malaminta, kuma hakan ya yi daidai. Aibin ta mamaci shi ne tsada, ba kowane asibiti ke da ita a ajiye ba, tana jinkirin kama jiki, kuma a salibi ta gaba ta matasa ta fi saurin tsinkewa. Shi ya sa aka yi wa yaron ta gaba da agararsa ta saman ƙoƙo, sauran da ta mamaci.

Gudruf: ka roƙi a ɗinke in zai ɗinku. Yankewa ta fi saurin tashi, amma faifan da aka yanke ba ya tsirowa, kuma gwiwar da ba matashi ita ke saurin sanyin ƙashi.

Wanda rauninsa ya tsufa, ya shekara yana ɗingishi, a duba tsayuwar ƙafarsa da dogon hoto daga ƙugu zuwa idon sawu. In ƙafar baka gare shi kuma kusurwar waje ce ta saki, dasa igiya kawai asara ce, nauyinsa zai miƙar da ita. Sai an yanka ƙashin ƙwauri ta sama an gyara tsayuwar, a tare ko kafin igiyoyin. Ga matashi mai wasan ƙwallo da za a yi wa salibi ta gaba kuma, akwai ƙarin ɗauri ta gefen waje, dabarar da likitan Faransa Lemaire ya bayyana a 1967. Wani babban gwaji da aka buga a 2020 kan 'yan shekara 25 zuwa ƙasa ya nuna tsinkewar sabuwar igiya ta sauko daga kashi 11 zuwa kashi 4 in an haɗa da shi.

Tambayar da mutanenmu ke jin kunyar yi: Likita, sau nawa kake yin irin wannan a shekara? Salibi ɗaya, likitoci da yawa sun iya. Igiya uku a zama ɗaya, da ramuka biyar ko fiye da za a huda a ƙashi ba tare da sun ci karo ba, wannan na 'yan kaɗan ne. Ka yi tambayar cikin ladabi. In ya tura ka wurin wani, ka gode masa, ya yi maka alheri.

Kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka bi kamfanin ta'amin su amince a rubuce da kowane abu daban: aikin, igiyar mamaci, da'ama, da adadin zaman gashi, domin wannan na ƙarshen shi ake yankewa. Sigari, shisha da shamma, a ajiye, suna hana rauni da ƙashi kamawa. Mai ciwon suga ya daidaita shi. A gida kuma a duba abu uku. Matakala: gidajenmu na kan duwatsun Makka ba a gina su don mai sanduna ba, mu sai da muka mayar da yaron gidana a Jidda wata biyu saboda lif. Banɗaki: na tsuguno ya haramta gare shi na watanni, a sayo kujerar da ake ɗorawa a kai. Wurin kwana: gado, ba katifa a ƙasa ba.

Ranar aiki

Awa 6 babu abinci. In an sa shi barci, likita zai sake gwada gwiwar, kuma abin da hannunsa ya ji a lokacin yana iya canja shiri, don haka a sa hannu kan takardar da ta ba shi wannan dama. Da kyamara ake yin na ciki: a ɗinke gudruf, a huda ramuka, a zura igiyoyi. Gefen waje sai an tsaga, kuma abin da ake fara nema shi ne jijiyar saƙon nan, a ware ta gefe. Wajen ɗaurewa yawanci ana farawa da salibi ta baya, ita ke mayar da ƙwauri mazauninsa, sauran su bi. Na yaron ya ci awa huɗu da rabi. Yaya ta ƙare carbi ban san sau nawa ba.

A makonnin farko, abu huɗu ke mayar da mutum ɗawari ba jira: ciwon sha-raɓa mai tsanani da ke ƙaruwa duk da magani, yatsu su yi sanyi ko su canja launi, zazzaɓi da ruwa daga rauni, ko numfashi ya yi wuya. Maganin hana daskarewar jini da aka rubuta, a sha ko a yi allurar har ya ƙare.

Shekarar gashi

Takardar likitanku ita ce gaba da tawa, domin shi ya san abin da ya ɗinka. Abin da zan faɗa shi ne tsarin da aka fi bi in an haɗa da salibi ta baya.

Mako shida na farko ba a taka ƙafar, da'ama a kulle a miƙe, har barci. A nan tausayin uwa ke ɓarna. Na shigo wata rana na tarar Yaya ta cusa filo a lungun gwiwar don ya ji daɗi. Gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe ba ta miƙewa, kuma rashin miƙewa ya fi rashin lanƙwashewa muni, shi ke bar wa mutum ɗingishi. Amma in an tallafi diddige kaɗai aka bar ƙwauri yana reto, nauyinsa yana jan sabuwar salibi ta baya. Filon a shimfiɗe shi a tsaye, daga ƙasan gwiwa kaɗan har diddige.

Tun ranar farko akwai aiki: matse naman gaban cinya a riƙe daƙiƙa biyar, sau da yawa a yini, motsa idon sawu, da tura ƙoƙon gwiwa sama da ƙasa da gefe da yatsu don kada ya manne. Lanƙwasawa kuwa wani ne zai yi masa, yana kwance rub da ciki. Kada ya jawo diddigensa da ƙarfin kansa, domin naman bayan cinya yana jan ƙwauri baya, daidai inda ake tsoro. Wannan hanin yakan kai wata uku zuwa huɗu. Muna neman digiri 90 kafin mako na shida. In an doshi wata uku gwiwa ta cije, a koma wa likita, akwai lanƙwasawa da ake yi a cikin barci don a karya tabon, kuma tana da lokacinta, in ya wuce sai an sake tsagawa. Taurin gaɓa shi ne matsalar da ta fi yawa bayan irin wannan aiki, kuma wanda ya yi fashin gashi mako biyu saboda zafi ko saboda babu mai kai shi, shi ta fi kamawa.

Daga mako na shida ake fara ɗora nauyi kaɗan-kaɗan, a ajiye sanda ɗaya, sannan ɗayar, sai keke na tsaye. Mai ƙafar da ke faɗuwa ana sa masa takalmin roba mai riƙe sawu don kada yatsu su riƙa tuntuɓe. Jijiyar saƙo tana tsirowa kusan milimita ɗaya a rana, sai haƙuri. In ba ta mutu gaba ɗaya ba, mafi yawa tana dawowa. In gaba ɗaya ce, ƙasa da rabi ke dawowa, kuma in an kusa shekara shiru akwai aikin karkato wata agara ta ɗauki aikin ɗaga sawun.

Yanzu salla, wadda ita ce tambayar da kowa ke fara yi mini kafin ƙwallo, kafin aiki. Tafiya a fili tana neman lanƙwasawar kusan digiri 60, zama a kujera 90, amma zaman tahiya a kan diddige yana wuce 140, ya fi duk wani abin da littafin gashi na Turawa ya sa a gaba. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya riga ya ba da sauƙi: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kan gefe. A makonnin farko a zauna a kujera, ƙafar a miƙe kan wata kujerar, a yi ishara. Rauni kada ya jiƙe sai an cire zare, kusan mako biyu, a tambayi malami hukuncin shafa a kan ɗauri. Wanda aka ɗinke wa gudruf, tsuguno mai zurfi da durƙuso sai bayan wata huɗu, kuma da izinin likita. Idan lokacin ya yi, ba a masallaci ake gwadawa ba. Muna farawa da durƙuso a kan gado da filo, sai a kan bargo mai ninki huɗu a riƙe kujera, sai sujada a tashi a koma kujera don tahiya. Zama kan diddige shi ne na ƙarshe, ana sa filo tsakanin cinya da sha-raɓa, ana rage kaurinsa mako bayan mako. Samari suna jin kunyar kujera a sahu, dattawa na kallonsu. Na ce wa yaron ya bar da'amar a waje, a kan wando, kowa ya gani, tambaya ta ƙare.

Gudu da ƙwallo, wata 9 zuwa 12, kuma ba kalanda ke yanke hukunci ba, sai ƙarfin cinyar ya kusa kamo na ɗayar. Gara a ji gaskiya tun yanzu: mafi yawa suna komawa aiki da tafiyarsu, da yawa ba sa komawa ƙwallo kamar da, kuma gwiwar da ta taɓa gocewa tana da rabon sanyin ƙashi da wuri ko an yi aiki mai kyau. Rage ƙiba da riƙe ƙarfin cinya su ne abin da ke hannun mutum.

Mu mazauna kusa da Harami muna da wata jarrabawar: umara a bakin ƙofa, ga Ramadan, ga baƙi daga gida da ake so a raka. Sa'ayi kaɗai kusan kilomita 3 ne a kan marmara, ɗawafi a ƙasa kuma turereniya ce, inda wani zai bangaje ka ta gefe kana tsaye a kan ƙafa ɗaya. In ya zama dole kafin wata shida, a hau keken marasa lafiya a bene. In an fara da ƙafa, a zaɓi lokacin da mutane suka ragu, a sa da'ama, a bar sassarfa a kewaye ukun farko da tsakanin korayen fitilu, umara ta inganta ba su.

Yatsan ɗan Yaya ya motsa a wata na biyar, muna cin abincin dare, ya yi ihu har na zubar da shayi. Ya kai goshi ƙasa a wata na bakwai. A na goma sha ɗaya muka yi umara tare da ƙafa, a bene na farko, bayan ƙarfe biyu na dare, ya huta sau uku. Har yanzu in ya zauna tahiya yana zame ƙafar gefe kaɗan, kuma akwai wani wuri a bayan sawunsa, faɗin tafin hannu, da ba ya jin taɓi. Likita ya ce zai iya komawa kan dabbab. Makullin yana cikin jakar Yaya, kuma ta ce ita ba ta ji wannan daga bakin likitan ba.